Farfesan Kusa, Turancinka Ya Ƙare a Ɗan Isa

Farfesa, ɗan gidan Gwaggo, an ce yanzu kai ne tafintan garin Kusa. Wai ka tara yaran majalisa kana karantar da su cewa Faransanci ba wani abu ba ne, Ingilishi ne da mura ta kama. Sannu da ƙoƙari, Baturen Magama! Ka manta kana da taubashi a Maraɗi, kuma direbobin Jibiya ba su iya riƙe sirri ba.

In ba ka gaskiyarka kaɗan, don kada ka je ka kai ƙarata wurin Gwaggo. Tun da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Turawan Ingila suka yi ta jidar kalmomin Faransa. Sai dai wasu sun sake ma'ana a hanya, wasu kuwa kama ce kawai ta rubutu, ba dangin iya ba na baba. Waɗannan su ne suke kayar da kai kullum.

Mu fara da motar nan taka, wadda sai an tura take tashi. Ka tsallako da ita Ɗan Isa, ka manna mata takarda a gilashi da manyan baƙaƙe: "For sale". Kai a nufinka ta sayarwa ce. To a wajenmu "sale" datti ne, kuma in ɗan lakwal ya karanta duka biyun da ƙarfi, abin da kunne zai ji shi ne "ƙazama ƙwarai". Yara suka kewaye ta suna dariya, kai kuwa kana gyara hula, kana cewa kasuwa ta buɗe. Wani jandarma ya karanta, ya leƙa ciki, ya ga ɓawon gyaɗa da ledojin fiya wata har kan kujerar direba, ya ce bai taɓa ganin ɗan Najeriya mai faɗin gaskiya irinka ba. Ni dai na kare ka. Na ce motar ta fi mai ita tsabta.

Sai ranar da ka ga "pain" a jikin wani shago, ka shiga dafe da ƙugu kana neman maganin ciwon baya. Mai shago ya miƙo maka burodi dogo kamar sandar makiyayi. Don girman kai ka biya, ka cinye, ka ce ka ji sauƙi.

"Essence" kuwa fetur ne, Farfesa, wanda 'yan bumburutu ke jerawa a kwalabe bakin titi. Ba turare ba ne, ka daina tambaya ko akwai mai ƙamshin miski. "Location" haya ce. "Chat" kuma kyanwa ce, shi ya sa yarinyar nan ta Madarunfa ta rufe ka a Facebook da ka ce kana son yin sa da ita kullum dare.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hushin da ka yi da aka ce maka "mushe". Nan haka muke kiran malamin makaranta, girmamawa ce. Amma tunda kai ka zaɓi fassarar gida, wa zai yi maka gardama?

Janar Abacha tun 1996 ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, har yau "bonjur" kaɗai ka riƙe, ita ma da magariba kake yin ta. Mu kuma nan Nijar a 2025 aka ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ka ga ke nan ka makara ta ko'ina. In ka iso wurin 'yan duwan, yi sallama kawai, ka ce wurin ubangidanka za ka.

Kuma ka taho da kuɗin sharata na bara da na bana. Sefa nake so, kada ka kawo mini naira.