Anko Mai Ƙarni

Albashin malamin makaranta ba ya ganin ashirin ga wata, wannan kowa ya sani. Shi ya sa a ƙarshen 2022, da ƙanin matata ya dawo daga Kano da labarin yadda ake sayar da atamfa ta waya ba tare da shago ba, ban bari ya gama shan ruwa ba na karɓi lambar wani dila a Kantin Kwari. Abin ba wuya, in ji shi. Alhaji zai turo maka hotuna, ka ɗora ribarka a kai, ka sa a sitatus na WhatsApp. Wanda ya ga ta yi masa ya turo kuɗi, ka tura wa Alhaji nasa, shi kuma ya sa kaya a mota. Ba haya, ba yaron shago, ba ɓera.

A daren na yi lissafi a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi. Zuru gari ne da ba ya rabo da biki. Musulmi na da Sallah biyu, Kirista na da Kirsimeti da Ista, ga Uhola ta Dakarkari in an kai amfanin gona gida. Ga Jami'ar Noma ta Tarayya da aka ɗaga daga kwaleji a 2020, cike da 'yan mata masu son kwalliya. Na haɗa da Dabai da Rikoto da Senchi, na miƙa har Ribah da Mahuta da Dirin Daji. Kafin barci ya ɗauke ni na riga na sayi sabon mashin, na kuma rufa wa ɗakin baya kwano.

Masu kallo dai na samu. Da na sa hoto, sai ka ga sunaye sun jeru. Wannan ya ce "Masha Allah", wancan ya ce "Allah ya sa albarka", wata ta ce "Nawa ne gaskiyarta?" In na faɗa, sai ta ce "Zan yi maka magana." Har yau ina jiran maganar. Akwai wani bawan Allah da ba ya barin hoto ya wuce sai ya tambayi kuɗinsa, har na fara yi masa kallon babban kwastoma. Ashe kwashe hotunan yake yana sawa a nasa sitatus ɗin, da ragin naira ɗari biyu.

Cinikin farko daga cikin gida ya fito. Matata Maman Ummi ta shigo tana murmushi ta ce, "Malam, Inna ta ce waccan mai ruwan goron ta yi mata."

Na ce, "Madalla. Kin faɗa mata kuɗin?"

Ta riƙe baki. "Haba Malam! Innar?"

Shi ke nan, turmi ɗaya ya tafi gidan surukai a matsayin buɗe kasuwa. Aminiyar Inna ta gani a jikinta ta aiko, wai a ba ta irinta "yadda aka ba Hajiya". Matan abokan aikina suka biyo baya, kowacce da alkawarin sai an yi albashi, albashin da ni ma shi nake jira. Mai sayar da kaya ta intanet a Legas bai san fuskar mai saye ba, in ba ka biya ba, ba ka ga kaya ba. Ni kuwa duk lambar da ke wayata ta wanda na ci tuwon sunan ɗansa ce. Ta yaya za ka ce wa mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci "sai na ga alat"?

Ana haka, farkon watan Fabrairun 2023, sai ga saƙo daga wani dattijo a unguwarmu, tsohon soja, wanda kowa ke kira Baba Sajan. Wanda bai san Zuru ba, ya sani cewa da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da soja. Sarkin Zuru na lokacin, Muhammadu Sani Sami Gomo II, Manjo Janar ne mai ritaya, Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 shi ma ɗan ƙasar nan ne. A garinmu in tsohon soja ya ce ƙarfe huɗu, huɗu saura ake zuwa. Baba Sajan zai aurar da autarsa, matan gida sun zaɓi anko a sitatus ɗina, turmi talatin. Bai nemi ragi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da leda, ya ƙirgo mini kuɗin cif, ya ce, "Malam, ba na son labari."

Sai da na je gida na zazzage ledar na ga abin da ya sa ba a nemi ragi ba. Tsofaffin kuɗi ne zalla. Lokacin ne Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, wa'adin tsofaffin ya tashi daga 31 ga Janairu ya koma 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu. Baba ya sauke kayansa a kaina. Na yi sammakon banki na tarar da layi ya zagaye katanga, wasu da tabarmi suka zo. Da ƙyar kuɗin suka shiga asusu. Na tura wa Alhaji, aka cire a wajena, shi kuma ya ce bai ga komai ba. Kullum na kira sai ya ce, "Wallahi Malam ban ga alat ba," a bayansa ina jin hayaniyar Kwari, ana ta ciniki da mutanen da kuɗinsu ba su maƙale a sama ba. Baba Sajan kuwa duk safiya yana zaune a ƙofar gida, hanyata ta makaranta. Ba ya cewa komai. Agogonsa kawai yake dubawa.

Da kuɗin suka sauka aka ɗaure kaya. Gajeriyar hanya ita ce ta Gusau, a bi Anka da Daki Takwas, amma direban ya ce shi da iyalinsa suna son sa, ba zai bi ta nan ba saboda 'yan bindiga. Ya zagayo ta Kontagora, a can ya damƙa ƙunshin ga wani direban da zai biyo ta Rijau. Na biyun wayarsa a kashe ta wuni. Da ta shiga ya ce ga shi a tasha, in zo da kuɗin mota a hannu, sababbi, shi bai san wani tiransifa ba. Abin da mai POS ya caje ni kafin ya ba ni takardun nan, in na tuna har yanzu sai na yi salati.

Tun daga bakin tasha hancina ya fara ba ni labari. Direba ya buɗe but, sai ga ƙunshina a can ƙasa, an danne shi da kwandunan bandar kifi daga Yawuri. Rana ta dake su tun daga Kontagora, man kifin ya narke ya bi ta inda buhu ya yage. Na ce, "Direba, wannan fa kayan biki ne!" Ya ce, "To Malam, kifin ma ai na biki ne."

Wanki ba zai yiwu ba, don ba a shiga anko da atamfar da ta sha ruwa, ƙyallin ya tafi ke nan. Maman Ummi ta ce a bar mata. Ta rufe ƙofa da taga, ta jera kujeru, muka warware turamen nan yadi shida-shida muka rataya. Ta cika kasko uku da garwashi, ta juye turaren wutar da take ɓoyo tun na lefenta. Hayaƙi ya turnuƙe, Ummi na tari, maƙwabci ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko gobara ce. Da asuba muka buɗe. Ƙarnin bai je ko'ina ba, sai dai ya yi wanka ya sa turare. A bakin ƙofa kuma kuliyoyi ne a zaune cikin natsuwa, kamar masu jiran a raba gado.

Tela da ya buɗe ledar farko ya aiko a tambaye ni ko ɗinki aka kawo masa ko cefane. Ranar wuni ban je kusa ba. Maman Ummi ce ta je, ta dawo ta ce ankon ya yi kyau a hoto matuƙa, sai dai 'yan ankon sun zauna gefe guda su kaɗai, ba wanda ya matse su, kuma mafici ya yi tsada a wurin saboda ƙudaje. Dangin ango, da suka zo daga nesa, sun yi ta leƙen kwanukan abinci suna neman inda aka ɓoye kifin.

Washegari yaro ya zo ya ce Baba na kira. Na yi alwala, na yafe wa kowa, na tafi. Na tarar da shi a kujera, ƙyallen atamfar a cinyarsa. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wallahi direba ne..."

Ya ɗaga hannu. Ya kai ƙyallen hanci ya shaƙa a hankali, ido a lumshe.

"Na Yawuri ne wannan."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Tarwaɗa ce. Kuma bandar ta yi." Ya buɗe ido. "Ribar da ka ci a kaina za ka dawo da ita. Sannan yarona da ke bariki a Fatakwal ya dame ni da maganar kifin gida. Tunda kana da hanya, ka aika masa."

Ban da wata hanya, amma ba a gaya wa Baba Sajan haka. Na koma tasha na nemi direban da na sha alwashin ba zan ƙara yi wa sallama ba, ya haɗa ni da mai kifin. Ɗan Baba ya turo kuɗi tun kafin in gama faɗa masa farashi. Da kaya suka isa ya sa hoton a zauren WhatsApp na 'yan gida da ke aikin soja, sai waya ta fara ruri daga Legas, Kaduna, Maiduguri. Wannan kifi, wancan daddawa da kuka, wata matar soja busasshiyar kuɓewa da zuma. Ba mai cewa "Allah ya sa albarka" ya wuce, ba mai jiran albashina. Mutumin da ke nesa da miyar uwarsa ba ya taya kaya. Ko da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, su da kansu suke cewa in ƙara a kai.

Yanzu a unguwa ba a ce mini Malam sai an ƙara da "mai kifi", har ɗalibaina. Ina naɗe kaya da leda ninki-ninki in sa a kwali, amma duk da haka kwanan baya wani ya kira ni daga Kaduna yana ta faɗa, wai shaddarsa ta ɗaurin aure ta hau mota ɗaya da kayana. Na ba shi haƙuri, na kuma ba shi shawara kada ya ɓata turarensa.

Atamfa kam na daina. Amma littafin bashinta na nan, ban yaga ko shafi ɗaya ba. Duk wadda ta san ta ɗinka turmina ta je suna da shi, har ya koɗe ya zama zanen girki ba ta biya ba, don Allah ta ji tsoron Allah ta aiko, lambar asusun ba ta canja ba. Ban da Inna.