Masu Karɓar Amanar Kare

Duk wanda ya ajiye kare don gadin gida, ko a Kaduna yake ko a Zariya, ba ya sanin ainihin halin maƙwabtansa sai ranar da hutun Sallah ya zo, ya ɗaure kaya zai tafi ganin gida, ya tuna cewa babu direban da zai ba kare kujera, balle dangi su yi masa shimfiɗa. A nan yake shiga neman wanda zai bar wa amana, masu karɓarta kuwa iri-iri ne.

Na farko shi ne mai saurin amsawa, wanda tun ba ka rufe baki ba zai ce, "Haba Alhaji, ai wannan bai kai a roƙa ba, Allah ya kiyaye hanya!" Niyyarsa kyakkyawa ce, illa dai ba ta kwana, ba zai sake tuna karen ba sai daren da kukan yunwa ya hana unguwa barci, sa'an nan ya aiki autansa da ƙanzo.

Na biyu shi ne mai waswasi, wanda kunya ce ta sa ya karɓa. Da gora yake tura kwanon abinci daga bayan ƙyaure, in jelar karen ta shafi rigarsa sai wanki da sabuwar alwala, alhali kuwa a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuma bin umarni ne kawai. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi, kare ya ajiye don tsaro.

Na uku shi ne mai lissafi. Kuɗin ƙashi da ka bari, wajen mai tsire yake kai su, ya ci naman, ya kawo wa kare tsinke ya sansana, ran da ka dawo kuma ya tarye ka da dogon jerin bashi, har da na allurar haukan kare wadda ya rantse daga Vom aka kawo ta, ko da yake takardar likitan dabbobi ta ɓace.

Na huɗu shi ne mai shagwaɓawa, wanda zai saba wa kare da madara da romon kaza har ya raina tuwo, ya yi ƙiba, ya koma kaɗa wa kowane baƙo jela, ko da ta katanga ya shigo. Kishiyarsa shi ne mafarauci, wanda tun asuba zai ja shi daji ba da izininka ba, ya dawo maka da shi da yagaggen kunne da sabon ilmi, watau farautar kajin maƙwabta.

Su ma masu karnukan ba su tsira ba. Akwai wanda kullum sai ya buga waya yana tambayar lafiyar kare kafin ya gaida mai gidan. Akwai kuma wanda ya fi kowa laifi, mai ɗaure dabba a rana da kwano guda na tuwo ya yi tafiyar mako, ya manta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, saboda haka nauyin zaɓe a wuyanka yake. In za ka yi tafiya, ka nemi wanda karen ya sani, ka bar abinci maimakon kuɗi, ka tanadi inuwa da ruwa, ka yi masa allura tun da wuri. In duk ba za ka iya ba, to, ka haƙura da kare, ka sayi kwaɗo mai ƙarfi.