Masu Tare Marubuci a Hanya

Duk wanda ya taɓa buga littafi ya dawo da shi gida Adogi ya san wahalar maɗaba'a somin taɓi ce. Babbar jarrabawa tana cikin motar Lafiya, da majalisar mai shayi, da gidan suna.

Akanta ne ke fara tare ka. Ba ruwansa da sunan littafin, balle abin da ke ciki. Zai ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa kamar mai taya doya, sannan ya rage murya: "Malam, tsakaninka da Allah, nawa ake samu?" In ka ce babu, ya ce rowa ce. In ka ce ana ɗan taɓawa, gobe da sassafe yana ƙofar gidanka da maganar kuɗin taki. Maganinsa ɗaya ne: ka ce mai maɗaba'a yana bin ka ciko, ko zai ɗan ranta maka? Daga ranar gaisuwarku sai ɗaga hannu daga nesa.

Ƙaninsa shi ne Ba-ni-nawa. "Ina nawa kwafin?" Mutumin da ko kan rogo bai taɓa ba ka kyauta ba.

Kawu kuwa ba mugunta ce da shi ba, tausayi ne. Zai saurare ka har ka gama bayani, ya gyaɗa kai, ya ce: "To madalla, ɗana. Amma aikin me kake yi?" A wurinsa wanda ya wuni a ɗaki, bai je gona ba, bai je kasuwa ba, ko dai ba shi da lafiya ko kuma yana jiran a ɗauke shi aiki. Saboda haka kai ne ɗan aike, kai ne mai rubuta takardar neman aiki ta 'ya'yan unguwa, kai ne mai cike fom, "tunda ba ka komai". Na taɓa kare kaina da Abubakar Imam. Kawu ya tambaya ko shi ma zaman ɗaki yake yi. Dole na faɗi gaskiya, cewa lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933 malami ne a makarantar Midil ta Katsina, daga baya kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kawu ya ce: "Ka gani ko? Yana da albashi." Ni na kawo shaidar, ita ta kayar da ni.

Sai Mai-labari, wanda rayuwarsa ta fi kowane littafi. Ya yi aure uku, ya yi karen mota har Fatakwal, an taɓa cinye masa kuɗin riɗi. Shi zai faɗa, kai ka rubuta, a raba riba biyu. Ka ce ya fara rubuta shafi goma da kansa ya kawo. Shekara huɗu ke nan ina jiran wani.

Wadda ta fi haɗari ita ce Gwaggo Mai-ganewa. Ba ta yarda akwai ƙirƙira a duniya ba. An karanta mata babi ɗaya, ta riga ta gano kowa: "Wannan kishiyar mai baƙin hali ai matar wane ce, har tsagar goshinta ka saka." Ka rantse mata babu tsaga a littafin, ta ce ai ɓoyewa ka yi don kunya. Kafin la'asar labari ya kai ga matar wane, wadda za ta daina amsa gaisuwarka, alhali mai halin na gaskiya tana can tana yabon littafin.

Akwai Mai-nasiha, da ke cewa littattafan soyayya ne suka lalata yara. Wannan zargi ya girme shi. An yi wa Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu irinsa, har a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano. Ka tambaye shi wane shafi ne ya ɓata masa rai. Zai ce Allah ya kiyashe shi da karantawa.

Samari kuma tambayarsu biyu ce: yaushe za a mai da shi fim, Ali Nuhu ya fito? Ko kuwa, "Yaya, turo mana ta WhatsApp mana."

Duk waɗannan na iya da su, domin babu wanda ya buɗe littafin a cikinsu. Wadda ta gagare ni wata 'yar sakandare ce da ta tsayar da ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce: "Baba, direban nan da ya rasu a babi na shida, yaya aka yi ya kawo amarya a babi na tara?"

Na koma gida na duba. Shi ne ya kawo ta, har da yin hon. Za a gyara a bugu na biyu, in Allah ya kawo kuɗin takarda.