Ƴan kallon Mena: kowa da nasa mai laifi

Ranar da ƙungiya ta ci wasa, ƴan kallo duk jinsi ɗaya ne, ihu kawai. Sai ta sha kashi halaye ke rarrabuwa, kuma ba a taɓa ganin haka a fili ba kamar watan Janairun 2012, lokacin da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta je gasar cin kofin Afirka karo na farko. Wasa uku ta buga a Libreville: Gabon ta ba ta 2 da 0, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da 0. Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, duk fadar da ake dafa shayi a bakin kwalta ta zama kotu, kowa da wanda yake tuhuma. Ni ko a ganina masu shari'ar nan duk hanyarsu ɗaya, wato kauce wa dalilin da ke gaban idonsu.

Na farko shi ne kocin benci. Rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana ɗan makaranta, amma kafin shayi na biyu ya tafasa ya sallami koci Harouna Doula, ya sallami Bafaranshen da aka kawo ya taya shi, Rolland Courbis, ya jera nasa ƴan wasa da tsinken ashana a kan tabarma. Kusa da shi mai tuhumar alƙalin wasa yake zaune. Wannan bai yarda an taɓa cin Nijar da halal ba. Ko mai tsaron gida ne ya zura ƙwallon da kansa, zai rantse an sayi usur. Sai mai asiri, wanda ya fi su natsuwa domin shi ba a iya ƙaryata shi. Tunisiya ta ci ƙwallonta na biyu ana dab da tashi, to me ya rage a faɗa? An ɗaure ƙafafun ɗan wasanmu Moussa Maazou. Ka tambaye shi ina malaman namu suke, ya ce ai kuɗin aikin ne aka cinye a Yamai. Akwai kuma Malam Na-faɗa, wanda bai faɗi komai ba kafin wasa, bayan wasa kuwa yana da shaidu. Mai sauya sheƙa ya sha wahala a shekarar, abin tausayi: ya saba in Mena ta faɗi ya tuna kakarsa ƴar Katsina ce, sai ga shi Najeriya ko zuwa gasar ba ta yi ba. Dole ya koma rigar Barcelona.

A ƙarshen tabarma dattijon kokowa yake, bai ko ɗaga kai ba. A wurinsa ƙarti 22 suna bin fata ɗaya aikin yara ne, wasan maza shi ne wanda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinsa a Tawa a 1975. Yana da gaskiya wuri guda: a fagen kokowa wanda ya faɗi ya faɗi, jama'a sun ga ƙasa a bayansa.

Dalilin da ake kauce wa kuwa yana rubuce tun wasannin neman gurbi. Mena ta samu maki 9, dukkansu a filin Seyni Kountché da ke Yamai: ta doke Masar 1 da 0, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Wasanninta uku na waje duk ta faɗi. Ranar ƙarshe ma Masar ta ba ta 3 da 0, ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suka shiga rawa a fili suna zaton sun wuce, ashe ƙa'idar gasar sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya take dubawa. Nijar ce ta wuce. Ƙungiyar da ba ta cin wasa sai a Yamai aka kai Libreville. Ina abin neman boka a nan?

Za a ce wannan rashin adalci ne, domin shan gaban Masar, mai riƙe da kofin 2006 da 2008 da 2010, ba ƙaramin abu ba ne. Haka ne, kuma wannan ma ya ƙara tona asirin masu tuhuma, don yaran da suka zaga a Janairu su ne suka yi wa kirari a Oktoba, ranar da suka samu gurbi. Za a kuma ce talaka ya biya kuɗin gidan kallo, yana da haƙƙin ya huce takaicinsa. Ba mai hana shi, ya huce. Sai dai ya daina kiran hucin nan bincike. An sauya koci kamar yadda kocin benci ya nema, aka kawo Bajamushe Gernot Rohr, Mena ta koma gasar a 2013 a Afirka ta Kudu. Mali ta ci ta 1 da 0, Gana 3 da 0, ta yi 0 da 0 da Kwango ta Kinshasa, ta dawo gida da maki ɗaya ba tare da ta zura ƙwallo ko ɗaya ba.