Kawu da Sarautar Akuyar Dutse

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urorin sadarwa, amma kunnensa ya ƙi ajiye aiki. Yana da lasisin rediyon 'yan sha'awa, irin wanda mutum ke magana da wani a wata ƙasa ta gajeren zango, ba kati ba sabis. Lambar kiransa da 5N ta fara, shaidar Najeriya ke nan, kamar yadda ta 'yan Nijar ke farawa da 5U. Mutanen unguwa ba ruwansu da wannan dogon bayani. Akwatin oba-oba ne, shi kuma Baba Mai Oba-oba.

Da hunturu ya kama, sai ya ɓullo da wata sabuwa. Wai akwai tsarin da aka fara a Birtaniya a 2002, ana ce masa SOTA: ka saɓi rediyonka ka hau dutse, ka kafa eriya a ƙololuwa, ka yi magana da tashoshi huɗu, a rubuta maka maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsawon dutsen. Mota ko babur ba za su kai ka sama ba, janareto kuma haramun ne. Wanda ya tara maki 1000, sai a yi masa laƙabin Akuyar Dutse.

Na ce, "Kawu, a garin da manya ke neman Galadima da Wambai, kai akuya kake nema?"

Ya ce, "Ɗan nan, rage surutu ka ɗauki batir."

Turawan da suka ƙirƙiro abin, ɗan batir suke sawa a aljihun jaka. Na Kawu kuwa na solar gidansa ne, wanda matarsa Hajiya ke kunna fanka da shi, ta kuma ba da aronsa ne kawai don sanyi ya sa fankar ta huta. Na yi gammo, aka aza mini.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura, da ya wuce Ɗambatta zai fara hango duwatsun Kazaure, inda muka nufa, daga mota sai ka ce da tsalle biyu za ka haye. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duwatsun nan su suka yi wa Ɗan Tunku na Kazaure garkuwa a rigimarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, kuma tun kafin mu kai rabi na gane abin da dawakin Kano suka gani. Tsakuwa na zamewa, ƙarangiya ta yi wa wandona ado har gwiwa, Kawu na gaba da sandar gora da ɗan akwatinsa, yana ba ni labarin yadda igiyar rediyo ke tashi sama ta bugi wani shimfiɗi na sararin samaniya ta dawo ƙasa can a wata nahiya. Ni dai fatana kada batir ya dawo ƙasa da ni.

Sai da muka kai sama, ina kwance ina haki, ruwan dam na ƙyalli a ƙasanmu, sannan ya ambata cewa a ƙa'idar mutanen, sai dutse ya ɗara kewayensa da mita 150 ake lissafa shi, wannan kuwa bai kai ba. Gwaji muka zo.

Eriyar waya ce mai tsawon kamar mita 10, don zangon mita 20 zai yi aiki, wato megahaz 14. Ya ce a miƙa ta gabas da yamma don maganar ta fi tafiya arewa, wajen Turai. Muka ɗaure gefe ɗaya a reshen aduwa, tsakiyar a kan gora, ɗaya gefen kuma da igiya a jikin dutse. Kafin mu gama, yara sun cika wurin, da masu kiwo da awakinsu. Wanda ya tsara wannan wasa yana zaton saman dutse wuri ne na kaɗaici. Bai san ƙasar Hausa ba.

Kawu ya kunna, ya sa wat 5, ya gyara murya: "Si-kiyu, si-kiyu." Yara suka amsa gaba ɗaya, "Si-kiyu!" Ya harare su. Can sai akwatin ya ɓarke da hayaniya, don ba kullum Turawa ke jin 5N ba, kowa na so a amsa masa. Kawu ya tsamo wani mutumin Italiya. Al'adarsu ita ce ka faɗi lambarka, ka ce 59, wato ina jin ka raɗau, ka ce 73, wato a huta lafiya, shi ke nan, na gaba ya shigo. Kawu kuwa bai taɓa wuce mutum ba gaisuwa ba. Ya tambaye shi kwana, ya tambaye shi gajiya, ya tambayi iyali da sanyi. Bawan Allah ya ce 73. Kawu ya ce yaya yara. Ya sake cewa 73, da muryar wanda aka riƙe wa riga a bakin tasha. Da aka kai ga tambayar ko iyayensa na raye, sai ya sulale.

Na biyu ɗan Jamus ne, bai ma bari an kai ga iyali ba. Ana cikin na uku sai maganar ta ɗauke ɗif. Muka waiga, ga wata jar akuya tana tauna igiyar da ke jikin dutse, gora ta kwanta, waya ta naɗe a ƙayar aduwa. Mai ita ya ce a yi haƙuri, tana da ciki.

Ba mu gama warware wayar ba sai ga 'yan sintiri biyu da ɗan aiken mai unguwa. Ashe labari ya rabu uku a ƙasa: masu cewa zinariya muke nema, masu cewa turken sabis za a kafa har an fara maganar diyyar fili, da masu cewa mutum ba ya hawa dutse da oba-oba yana kiran lambobi don alheri. Ba a ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka. Aka gangara da mu, batir a kaina.

A zaure Kawu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe," ya miƙa lasisi. Mai unguwa ya juya takardar, ya sa aka karanta masa, ya gamsu. Sai ya ce tunda abin har Italiya yake kaiwa, a miƙa gaisuwarsa ga ɗansa da ke Agadas, da surukansa na Roni, da wani amininsa mai sayar da shanu a Ɓaɓura. Kawu ya ce lasisin bai yarda a mai da akwatin zaɓi-sonka ba. Mai unguwa ya ce to, ba komai, amma ya ga batirin nan da ƙarfinsa, ga wayarsa ta kwana biyu a mace.

Kafin la'asar wayoyi sun yi layi a kan tabarma, har da fitilar liman. Batir a can ya kwana. Ni Kawu ya tura in yi wa Hajiya bayani, shi kuma ya zarce masallaci, bai shigo gida ba sai bayan isha'i.