Yadda za ka hana kyamarar mota shanye maka batir a bakin kanal

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya fara bin kanal zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam, manomin wannan yanki bai sake sanin hutun rani ba. Shinkafa ta saya wa wasu mota, tumatir da albasa sun saya wa wasu. Yanzu kuma an shiga yayin liƙa kyamara a gilashin gaba, kuma ni ina goyon baya. Duk wanda ke bin titin Kano zuwa Zariya tsakanin tireloli ya san yadda gardamar "kai ka goge ni" take cinye yini. Mai kyamara ba ya rantsuwa, hoto yake nunawa kowa ya kama gabansa.

Sai dai kyamarar nan mai gadi ce da ba ta runtsawa, kuma daga rumbunka take ci. Muddin inji na aiki babu damuwa, altaneta na ciyar da kowa. Da ka kashe mota, batir kaɗai ya rage mata.

Fara da gano ko kyamararka tana barci. Kashe mota, zare makulli, rufe ƙofa, ka leƙa ta gilashi, ka tsaya da kyau ka duba. In 'yar fitilarta na ƙyaftawa, to soket ɗin motarka irin wanda ba ya mutuwa ne, domin wasu motocin suna yanke masa wuta da makulli, wasu ba sa yi. Maganin wannan ko sisi ba ya ci: zare filogi kafin ka fita. Wahalarsa ɗaya ce, tunawa, musamman ranar da aka yi maka waya cewa maƙwabcin gona ya toshe maka ruwa ya karkata shi nasa fegin. A irin wannan ranar ko takalmi mutum mantawa yake yi.

Ga lissafin, don kada ka zargi mai batir a banza. Kyamara irin wannan takan ja kusan kashi uku cikin goma na am. A kwana ɗaya ta sha wajen am 7, a kwana uku ta haura 20. Batirin ƙaramar mota yawanci am 60 ne ko 75, shi ma ranar da aka ciro shi daga kwali. Wanda ya sha bazara biyu a ƙarƙashin bonet a Kura, lambar jikinsa ce kawai ta rage 60, don zafi na cin batir a hankali. Kuma duk lokacin da ya mutu murus aka tashe shi, ba ya komawa yadda yake. Wanda ya ajiye mota daga Laraba zuwa Asabar yana fama da yankan shinkafa, kyamara a kunne, ya shirya jin "kyat, kyat, kyat" maimakon ƙarar inji.

In kuwa lallai kana son ta yi gadi mota na tsaye, kai ta wurin rewaya ya haɗa ta da akwatin fis, da wayar nan mai yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa. A nan ne za ka tsaya da ƙafarka. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, in ya sauko 12.2 rabinsa ya tafi. Yaron shago zai ce maka, "Alhaji, a sa maka a 11.8, ta kwana tana ɗauka." Ka ce masa, "A'a, ɗan samari, sa min a 12.4, in ta matsa 12.2. Hoton dare ba ya tayar da mota." Kada kuma ka yarda a fere waya da reza a murɗa ta kai tsaye a kan batir a naɗe da leda. Wannan ba batir kaɗai yake kashewa ba, gobara yake gayyata.

Sai maganar gajeriyar tafiya. Daga gida zuwa gona minti goma, daga gona zuwa injin casa minti biyar, kowane zango sai an kashe an tayar. Altaneta ba ta samun sararin mayar da abin da aka ci. Sannan ga masu aikin dashe, kowa da wayarsa a hannu: "Maigida, a ɗan sa min, ko layi ɗaya ne." Mutum ba ya iya hana wanda ya wuni cikin taɓo saboda shi, ni ma ban ce a hana ba. Sayi ƙaramin faifan sola ka jingina a gindin bishiya, kowa ya yi cajinsa. Ita kuma motar, ko sau ɗaya a mako ka sake ta a kwalta, ka je Kano ka dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu, domin lokacin ne batir ke da rauni, man inji ya yi kauri, kuma lokacin ne kakar tumatir ke kankama. Ka yi sallar asuba, kwanduna sun cika, dillalai na jira a Kwanar Gafan, motocin kudu na lodi, taka kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Tumatir ba ya jiran a nemo rewaya. Kafin rana ta take ya fara sakin ruwa, farashi ya bi shi. In motarka mai giya ce, ka riƙa ajiye ta hanci na kallon gangara, amma gangarar da ba ta ƙare a kanal ba. In otomatik ce, ko samarin Bunkure gaba ɗaya suka taru suna "ɗaya, biyu, uku", ba za ta tashi da turi ba. Zuba wayar haɗa batir a but, ka kuma riƙe ƙa'idarta: ja zuwa fulos, baƙa zuwa ƙarfen injin motar da ta mutu.

Tambayi kanka kuma, me kyamarar take ɗauka a gona? Buɗe katinta ka gani: awa tara na balbelu, garken shanu ya wuce ya dawo, akuya ta zo ta duba fuskarta a jikin ƙofa, wani yaro ya gyara hula a madubi. A cikin gida mai ƙyaure, ko a gonar da kana hango motar daga inda kake, kashe ta ta huta. Ranar kasuwa, inda a daidaita sahu da masu kura ke goga jiki da kowace mota, nan ne gadinta ke da amfani, kuma awa uku ba sa kashe lafiyayyen batir.

Don Allah, kafin hunturun bana ya shigo, ka tsaya wurin rewaya da safe ya ɗora maka mita a batir. In ya nuna ƙasa da 12.4 bayan motar ta kwana, a yi masa caji a gwada shi, kyamara kuma a sa mata mai yanke wuta tun ranar.