Na'urar da Ba Ta San Malamin Aro Ba

Gwamnatin Tarayya ta kawo tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 don ta kori ma'aikatan bogi, bayin Allahn nan da ba a taɓa ganinsu a ofis ba, amma ba sa makara ranar albashi. Da aka tura jami'o'i ciki, sai ta bayyana cewa na'urar Abuja ba ta san malamin aro ba. Farfesan Zariya da ya je Kano shekarar hutun nazari, ko yake taimaka wa sabuwar jami'a da darasi, a idonta mutum ɗaya ne mai neman albashi biyu, wato ɓarawo mai digiri uku. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta fito da nata tsarin, UTAS, aka yi ta gwaji ba a karɓa ba, kuma rigimar na cikin abin da ya rufe jami'o'i wata takwas a 2022. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire su daga IPPIS.

Za a ce malamai bincike suke gudu, kuma ba a rasa gaskiya a nan, don shugaban jami'ar da ke cusa 'yan garinsu aiki ba zai so kwamfuta mai ƙirga kawuna ba. Amma rigar da aka ɗinka wa ma'aikatar gwamnati, inda kowa ke da kujera ɗaya, ba za ta shiga jami'a ba sai an farke ta. Batun amana kuwa, Akanta-Janar ɗin da IPPIS ke ƙarƙashin ofishinsa EFCC ta kama shi a Mayun 2022 bisa zargin almundahanar biliyoyin naira, ana tsakiyar yajin aikin.